Fim ɗin Iran kan masu kuturta: mutuntawa ce ko tallar nakasa?

Ɗan_Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Magana nake tafe da ita kan wani gajeren fim na Iran, na gaskiya ba wasan kwaikwayo ba, mai suna Khaneh Siyah Ast, wato gidan baƙi ne. Wata marubuciyar waƙoƙi, Forugh Farrokhzad, ita ta shirya shi a 1962 a sansanin masu kuturta na Bababaghi da ke kusa da Tabriz. Hoton baƙi da fari ne, tsawonsa kamar minti 22. Masana fim sai kambama shi suke yi, wai yana cikin tubalan da aka gina sinimar Iran ta zamani a kansu. Na kalla, kuma ban ce ba a iya aiki ba. Amma raina bai kwanta ba. Da an buɗe hoto mace za ka gani tana duba fuskarta a madubi, cutar ta ɓata fuskar, kyamara kuma tana ta matsowa har ka rasa inda za ka kai idonka. Wa ya ba mu izinin kallon matar nan? An killace mutane ba su da wurin zuwa, sai ga 'yar birni daga Tehran da kayan ɗaukar hoto. Ita ta karɓo lambar yabo a Jamus, su kuma fa? Ni dai a ganina tallar nakasa ce aka yi wa ado da waƙa. Wanda ya kalla ya faɗi nasa.

Bakatsine_Gidan_Korau:
Wa alaikumus salam. Ni tun a minti na uku na kashe. Ina cin tuwo ne lokacin, Allah Ya yafe mini.

MaiTaceHoto:
Bakatsine, ai kai fim ɗin yake yi wa magana. Kafin a nuna komai, allon baƙi ne wuluk, sai muryar namiji tana cewa muni ya yi yawa a duniya, kuma rufe ido ga barinsa ƙara shi yake yi. Kai kuma ka rufe a minti na uku.

Ɗan_Fagge, sake kallon wurin madubin nan. Ta bayan matar kyamara take, ba ta gabanta ba. Fuskar da kake gani ita ce wadda ita ma take gani, a lokaci guda. Wanda yake son tallar nakasa ba haka yake ɗauka ba: gaba da gaba yake tsayawa, ya haska fitila, ya sa kiɗan tausayi. Mu da muke wannan sana'a mun san yadda ake matso hawayen mai kallo, kuma babu ko ɗaya daga dabarun nan a fim ɗin. Abin da ta nuna shi ne mace tana zizara kwalli, ana taje wa yarinya kai, uwa tana shayarwa, yara suna ƙwallo, ana biki da kiɗa. Mutanen da suke sa kwalli ba su yanke ƙauna daga kyau ba, kuma wannan ta gani.

Ɗan_Fagge:
Na ji batun inda kyamara ta tsaya. Amma iya ɗauka daban, izini daban. Ko ta ina ka tsaya, fuskar wata ce ka kai Turai.

Almajirin_Ƙum:
Bari in ƙara muku bayani, don na zauna a Iran kuma ina jin Farisanci gwargwado. Ba ita ta tashi haka kawai ta je ba. Ƙungiyar taimakon masu kuturta ta ƙasar ce ta nemi a yi fim ɗin, kamfanin Ebrahim Golestan ya ɗauki nauyin aikin, Soleiman Minasian ya riƙe kyamara. Kwana 12 suka yi a sansanin. Shekarunta 27 a lokacin, kuma shi kaɗai ne fim ɗin da ta ba da umarni a rayuwarta.

Murya biyu ce a ciki. Ta namiji bayanin likitanci take yi a bushe: cutar ba gado ba ce, tana tafiya da talauci, kuma tana warkewa. Ta mace kuwa ita ce Forugh da kanta, tana karanto kalmomin da ta tsamo daga Zabura da littafin Ayuba da sauran Tsohon Alkawari, da Alƙur'ani, da nata baitocin. Wanda yake bin fassarar da ke ƙasan hoto ba zai ji nauyin muryar nan ba. A hankali take karatu, babu kuka, babu ɗaga murya.

Sai batun "su kuma fa". Akwai yaro a wani ajin makaranta da aka nuna a fim ɗin, Hossein Mansouri, iyayensa duka masu cutar ne. Ta ɗauke shi ta tafi da shi Tehran ta riƙe shi a matsayin ɗa. Daga baya ya zauna a Jamus yana aikin fassara.

UmmuSadiq:
To ni wannan ɗaukar yaron ma tambaya ce. Uwarsa fa? An raba ta da lafiya, an raba ta da gari, sannan a raba ta da ɗa?

Almajirin_Ƙum:
Hajiya, tambayarki a kan hanya take. Abin da zan ƙara kawai shi ne ita ma Forugh an raba ta da nata ɗan. An yi mata aure tana 16, ta haifi Kamyar, auren ya mutu, aka bar yaron wajen dangin uba aka hana ta shi. Ban ce wannan ya wanke komai ba, amma wadda ta je sansanin nan ta san zafin a rufe maka ƙofa.

Abu_Hafsa:
Ni ba hoton ne ya dame ni ba, ajin nan ne. An sa yara suna karanta godiya ga Allah da Ya ba su hannu su yi aiki, Ya ba su ido su ga duniya, Ya ba su ƙafa su je inda suke so, alhali ana nuna mana waɗanda ba su da yatsu. Sai kuma a nuna masu ɗaga dungulmin hannu suna addu'a. Wannan ba izgili ba ne ga godiyar Allah? Matar nan dama an san waƙoƙinta ba na masu kamun kai ba ne, shi ya sa bayan juyin 1979 aka daɗe ba a barin littattafanta.

MaiTaceHoto:
Malam Abu_Hafsa, ba ita ta rubuta musu darasin ba, kuma ba ita ta koya musu addu'a ba. Ta tarar suna yi ta ɗauka. In akwai wanda abin ya kamata ya tsikara, mai yatsu goma ne da bai taɓa cewa alhamdulillahi saboda su ba.

Abu_Hafsa:
Ɗauka ta yi, amma ita ta zaɓi wane hoto zai bi wane. Kai da kanka ka ce sana'arka ce, ka san a wurin jerawa ake saka magana a bakin hoto.

MaiTaceHoto:
Wannan gaskiya ne, a jerawar ake magana. Sai dai ni abin da na ji ta faɗa kukan Annabi Ayuba ne, ba dariyar mai izgili ba. Mai kai ƙara wurin Ubangijinsa ai bai bar ƙofarsa ba.

Malam_Na_Zaure:
Ku yi a hankali da hukunta zuciyar wadda ta riga mu gidan gaskiya. Ban kalli fim ɗin ba, don haka ba zan sa baki a kansa ba. Amma tunda an taɓo addini, akwai abin da mutanenmu suke riƙe rabinsa su saki rabi. Hadisin da ya ce a guje wa mai kuturta kamar yadda ake guje wa zaki yana cikin Bukhari, ingantacce ne. A Muslim kuma akwai mutumin da ya zo cikin tawagar Saƙif yana da cutar, Annabi (SAW) ya aika masa cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma. Ku lura, an karɓi mubaya'arsa. Ba a ce shi ba mutum ba ne, ba a ce la'ananne ba ne. Malamai sun fahimci waɗannan a matsayin riƙo da sababi, wato kiyaye kai daga abin da ke yaɗuwa. To idan likitoci suka tabbatar cewa wanda ya sha magani ba ya yaɗawa, da wace hujja za ka ci gaba da gudunsa? Abin da ya rage ƙyama ce kawai, kuma ƙyama ba ibada ba ce.

Nas_Zariya:
Allah Ya saka, Malam. Bari in shigo nan, don aikina ne. Na yi kwas a cibiyar horarwa kan tarin fuka da kuturta da ke Saye, kuma har yanzu a wannan sashen nake.

Ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wani likitan ƙasar Norway mai suna Hansen ya gano ta a 1873. Ba gado ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma cin kifi da nono ba ne, don Allah a bar wannan zance. Ta numfashi take yaɗuwa, daga hanci da bakin wanda bai fara magani ba, kuma sai an daɗe ana zama tare. Gaisawa ko zama kusa a mota ba ya sa a ɗauka. Mafi yawan mutane, kusan kashi 95 cikin ɗari, garkuwar jikinsu ba ta ma barin ta kama su. Tana iya kwanciya a jiki shekara biyar, wani lokaci har ashirin, kafin ta bayyana.

Sannan yatsu ba guntulewa suke yi su faɗi ba kamar yadda ake cewa. Jijiyoyi take kashewa, sai mutum ya daina jin zafi. Akwai wata baiwar Allah da muke yi wa wankin ciwo, tuwo take tuƙawa a gidan biki. Ta sauke tukunya daga murhu da hannu tsirara, ba ta san ta ƙone ba sai da 'yarta ta ga fatar tafin ta ɗaye. Wani kuma ƙusa ta shige takalminsa ya wuni yana tafiya a kanta, sai da dare ya ga jini. Ciwo kan ciwo, gyambo ya zauna, ƙashi ya zaizaye, a haka yatsa ke gajarcewa. Shi ya sa muke koya musu jiƙa ƙafa a ruwa, a goge kaushi, a shafa mai, a duba tafin ƙafa kowane dare, mai matsalar gani ya sa wani ya duba masa.

A zamanin fim ɗin nan dapsone kaɗai ake da shi, ana sha shekara da shekaru. Daga 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo haɗin magani uku, rifampicin da dapsone da clofazimine. Wata shida ga mai ƙaramar, wata goma sha biyu ga mai babbar, kuma kyauta ne tun 1995. Da an fara sha, yaɗawa ta tsaya. Har yanzu ana samun sababbin masu ita wajen dubu 200 a shekara a duniya, mafi yawa a Indiya da Brazil da Indonesiya, mu ma Najeriya muna cikin ƙasashen da ba ta rabu da su ba.

Bakatsine_Gidan_Korau:
Anti Nas, yanzu duk kifin da na ƙi ci bayan fura asara na yi kenan?

Nas_Zariya:
Asara ka yi, ƙanina. Ka rama.

Ɗan_Maraɗi:
Mu nan akwai asibitin Danja kusa da Maraɗi, tun zamanin 'yan mishan ake kula da masu wannan lalura a can, har daga Najeriya ana zuwa. Ina yaro in an ce wane ya tafi Danja, to a rage murya ake faɗi. Ku ma ai kuna da irinsu, Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato. Da na kalli fim ɗin, ban ga Iran ba sai da na ga irin tufafinsu da hulunansu. Zaman jiran nan dai iri ɗaya ne. Akwai mutumin da yake ta kai da komo a jikin bango, murya kuma tana lissafa ranakun mako ɗaya bayan ɗaya, Asabar, Lahadi, Litinin. Wanda ya taɓa jinyar da ba a sa mata ranar sallama ba zai gane wannan wurin.

Talatu_M:
Tun ɗazu nake karantawa ina shawarar in yi magana ko in yi shiru. Mahaifiyata ta yi wannan ciwon. An gano da wuri, ta sha magani shekara guda ta warke, yatsunta biyu ne kawai na hannun hagu suka lanƙwashe. Maganin ya sa fatarta ta yi duhu sosai a lokacin, to wannan ne ya tona mana asiri a unguwa. Ƙosai take sayarwa, cikin wata guda kasuwar ta mutu. Mai shayin bakin layinmu ya ware wa ƙannena kofi, su da ba su da komai. Da aka zo neman auren yayata, wata gwaggon mijin ta bi ta bayan gida ta yi bincike, aka fasa.

Ɗan_Fagge, ka tambaya wa ya ba mu izinin kallo. Ni abin da na sani, Innarmu ba kallo ne ya dame ta ba. Kawar da kai ne. Mutanen da ta yi wa wankan jego su ne suke tsallaka titi in sun hango ta. Na nuna mata fim ɗin a waya, ba ta jin yaren, ba ta karanta fassara. Da aka zo wurin mai sa kwalli sai ta ce, "Ka ga 'yar gari, ta iya riƙe maciyin da dungu." Dariya ta yi. Ba ta ce an ci mutuncin kowa ba.

Amma kuma in ka ce in bari wani ya zo ya ɗauki hannunta ya sa a intanet, ba zan yarda ba. Ka ga ni ma ban san ɓangaren da nake ba.

UmmuSadiq:
Allah Ya ƙara wa Inna lafiya, Ya saka mata. Talatu, kin sa ni hawaye. Mu kuma bakinmu bai taimaka ba. Kullum "da haka muka fara, kuturu ya ga mai ƙyasfi", "kuturu da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan langa". Yaro ya tashi yana jin wannan, me zai ɗauka? Ko sadaka za a ba su, jefawa ake yi a kwano daga nesa.

Bakatsine_Gidan_Korau:
Hajiya, na alkakin ai yabo ne, cewa ake kuɗi na share komai.

UmmuSadiq:
Yabon kuɗi ne, ba na mutumin ba.

Sinima_Zalla:
Ku bar ni in dawo da mu kan fim, don ina ganin ana neman mayar da shi tallar asibiti. Da bayanin lafiya kawai aka so, da tuni an manta da shi kamar dubban irinsa. Abin da ya sa har yau ake koyar da shi shi ne ta haɗa abu biyu da ba a saba haɗawa ba, hoton gaskiya tsirara da waƙa, kuma babu wanda ya danne wani. Fim ɗin Dariush Mehrjui mai suna Gaav, wato saniya, da ake cewa shi ya buɗe sabon salon Iran sai 1969 ya fito, wannan ya riga shi da shekaru. Abbas Kiarostami ma sunan fim ɗinsa na 1999, wanda ke cewa iska za ta tafi da mu, daga waƙarta ya ɗauko.

Ku duba ajin ƙarshe. Malami ya tambayi wani yaro me ya sa ake gode wa Allah saboda uwa da uba, yaron ya ce bai sani ba, shi ba shi da ko ɗaya. Ya ce wa wani ya lissafa kyawawan abubuwa, ya ce wata, rana, fure, wasa. Wannan shi ne Hossein da Almajirin_Ƙum ya ambata. Ya ce wa wani ya lissafa munana, ya ce hannu, ƙafa, kai, ajin ya fashe da dariya. Su suke dariyar, ba mu ba, kuma kai mai kallo ba ka san ko an yarda ka taya su ba. Sai aka ce wa wani ya rubuta jimla da kalmar gida. Ya tsaya yana tunani, a nan aka yanko jama'ar sansanin suna tahowa wajen ƙofa, ƙofar ta rufe a gabansu, sannan ya rubuta abin da ya zama sunan fim ɗin. Wannan yankan kaɗai ya ishe ni hujja cewa ba cutar take tuhuma ba, masu rufe ƙofar take tuhuma.

Abu_Hafsa:
Ka ga wannan ajin ma ai shiryawa aka yi. Wa zai ce mini kyamara na nan kawai aka yi sa'a yaro ya faɗi haka? In shiri ne, a daina ce mana fim ɗin gaskiya.

MaiTaceHoto:
Ko da an ce wa malami ya yi tambayar, ciwon yaron ba shiri ba ne. Babu fim ɗin gaskiya da ba a ce wa wani "tsaya nan, sake tahowa" ba. Ƙarya ita ce ka sa mai lafiya ya yi bara.

Almajirin_Ƙum:
Ƙarin bayani ga masu tambaya ta akwatin sirri: ta rasu a watan Fabrairun 1967 a hatsarin mota a Tehran, tana da shekara 32. Lambar yabon da Ɗan_Fagge ya ambata ta bikin gajerun finafinai ce na Oberhausen. Golestan kuwa ya yi tsawon rai, sai 2023 ya rasu yana da shekara ɗari. In za ku nema, ku nemi kwafin da aka gyara a Bologna ta Italiya, tsofaffin da ke yawo sun dushe, wani wurin farar fassarar ma ba ta karantuwa a kan farin hoto.

Ɗan_Fagge:
Na karanta duka, musamman na Talatu, Allah Ya ƙara wa Inna lafiya. Na yarda matar ba da wulaƙanci ta je ba. Amma tambayata tana nan inda take. Kyakkyawar niyyar mai kyamara ba ita ce yardar wanda aka ɗauka ba. Mutumin da ƙungiya ke ciyar da shi, ƙungiyar ta kawo baƙi ta ce za a ɗauki hoto, yana da bakin cewa a'a? Ko a nan, sau nawa ake kai buhun shinkafa unguwar masu lalura, a jera su a rana, a ɗauki hoto a watsa a Facebook? Su ma masu shinkafar cewa suke wayar da kai suke yi.

Sinima_Zalla:
Bambancin shi ne a hoton mai shinkafa, mai shinkafar ne a tsakiya. Nemo mini fuskar Forugh a cikin minti 22 ɗin nan.

Ɗan_Fagge:
Fuskarta ba ta ciki, muryarta ce ta cika shi. Su nawa aka bari suka yi magana da bakinsu, in ka cire yaran aji?

Talatu_M:
Wannan kam ya faɗi gaskiya. Da an tambayi Innarmu, da ta ba su labarin da ya fi waƙa.

Matashi_02:
Ku yi haƙuri zan fita daga zance. Anti Nas, ƙanina yana da wani tabo a baya, ya fi sauran fatarsa haske, ba ya ƙaiƙayi, ya kai wata biyar. Mun shafa maganin makero bai tafi ba.

Nas_Zariya:
Ba a gane ciwo ta waya, kuma yawancin irin wannan tabon ba kuturta ba ne, kada hankalinku ya tashi. Amma ka gwada wannan: ya rufe ido, ka murza auduga ta yi tsini ka taɓa fata mai lafiya, sannan ka taɓa tsakiyar tabon, ya nuna maka da yatsa inda ya ji. Ko ya ji ko bai ji ba, ku je babban asibitin ƙaramar hukumarku ku tambayi sashen tarin fuka da kuturta, tare suke. In bai ji ba kuwa kada ku bari a shiga wani makon. Kuma ku daina shafe-shafen nan kafin a duba shi, suna ɓata wa mai dubawa aiki.